Abin da Ba Mu Ɗinke Ba

Daren tafiya Inna ba ta runtsa ba.
A falonmu na Lugbe, wuta ta ɗauke,
ta jawo fitilar caji kusa da gwiwarta,
ta miƙo min allura: "Zura min, idona ya gaji."

Aljihu ta yi wa fatarinta daga ciki.
'Yan kunnen aurenta suka fara shiga,
sai sarƙar da ta ci adashin shekara biyu,
sai zoben kakata, wanda ya lotse gefe guda.
Ta ɗinke bakin, ta maimaita,
ta datse zaren da haƙori.

"Abin da ke jikinka shi ne naka.
Wanda ya shiga cikin jirgi ta ƙasa,
sai dai a ce Allah ya tsare."

Ni kuma na ji da akwati.
Na shimfiɗa zannuwa, na danna kuka da daddawa,
kayan jariri na jikanta da ke Legas,
na sayo kwaɗo sabo mai lamba uku.
Da ta ɗauko tsohuwar wayar Baba,
mai fasasshiyar fuska, an ɗaure bayanta da kyauro,
za ta sa a jakar hannu,
ni ce na ce, "Inna, nauyi kawai.
Wa zai kalli wannan gwangwanin?"
Na cusa ta cikin safa, na tura ƙasan kaya.

A filin jirgi muka biya masu naɗi,
suka yi wa akwatin ɗauri da leda
har ya koma kamar ƙullin alala.
Ƙofar bincike ta yi tsuwa da Inna ta ratsa.
Ma'aikaciya ta shafa ƙugunta, ta yi murmushi:
"Mama, kin iya ɗinki."

Kwana arba'in ta yi, ta dawo ranar Talata.
Akwatinta ne ya fito ƙarshe,
yana zagaye shi kaɗai a kan bel.
Leda a tsage.
Kwaɗo na nan a kulle, lafiya lau,
kamar mai gadin da ya yi barci a tsaye.
Da tsinin biro, aka ce, suke ɓarke zif,
su laluba, su mayar, su shafe.

Muka durƙusa a kan tayil muna ƙirga.
Zannuwa sun cika.
Turare ɗaya babu.
Safa na nan, ba komai a ciki.

Ba wayar ba ce.
Daƙiƙa goma sha ɗaya ce a cikinta,
muryar Baba, da ƙarar mota a bayansa:
"Lantana, ɗora ruwan zafi,
na wuce Giri, ina nan tafe."
Shekara huɗu tana kunna ta bayan sallar isha,
ta kara a kunne, wani lokaci har ta amsa.

A ofis suka ba mu takarda da biro.
Wani layi ya ce: kuɗin abin da ya ɓata.
Na dubi Inna.
Ta ce, "Sa dubu uku, kada mu yi musu ƙarya."

Cikin tasi ba wanda ya yi magana.
Ina jira ta ce ke kika sa,
ba ta ce ba, har yau.

Da muka isa gida ta nemi reza,
ta farke aljihun ɗinki bayan ɗinki.
Zinare ya zubo kan tebur, cif, ko ɗaya bai ɓata ba.
Ta bar shi nan, ta shiga kicin.
Na ji ta kunna risho.
Na ji ta ɗora ruwa.